Matso Nan: Sujada da Kusantar Ubangiji

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ratsa Suratul Alaƙ tun bai san ciwon kansa ba, don tana cikin izifin Sabbi, kuma daga ƙasa ake faro wa yaro karatu. Abin da akasarinmu muka riƙe game da ita shi ne farkonta, ayoyi biyar ɗin nan da suka fara sauka a kogon Hira cikin watan Ramadan, wajen shekarar 610 Miladiyya. Ƙarshenta kuwa ba a cika tsayawa a kansa ba. Mu da muka tashi a kan Malikiyya ko sujadar tilawa ba ma yi a wurin, saboda Risala ta Ibn Abi Zaid wurare 11 ta ƙidaya, kuma babu wannan a ciki, ko da yake wasu mazhabobin suna yi. Sai mu biya ayar mu wuce zuwa sura ta gaba. Alhali a nan ne Allah ya umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kada ya saurari mai hana shi salla, ya sa goshinsa a ƙasa, ya nemi kusanci.

Ba cikin kwanciyar hankali ayar ta sauka ba. Amru ɗan Hisham, wanda aka fi sani da Abu Jahil, ya rantse a gaban manyan Ƙuraishawa cewa in ya ƙara ganin Annabi yana sujada, sai ya taka masa wuya. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ya tasam ma cika rantsuwar tasa, sai aka ga yana ja da baya yana kare kansa da hannuwa. Da aka tambaye shi, ya ce ramin wuta ya gani tsakaninsu, da abin firgici da fukafukai. Mutum ne mai tinƙaho da dukiya da yawan 'yan majalisarsa, kuma surar ta yi magana a kan irin wannan hali, na mutumin da ke ƙetare iyaka da zarar ya ga ya wadata. A Badar ya gamu da ajalinsa, shekara ta 2 bayan Hijira. To a gaban irin wannan mutum, Allah bai ce wa Annabinsa ya ɗaga kai ya nuna shi ma ɗan dangi ne ba. Cewa ya yi ya ƙara sa goshi a ƙasa, a daidai halin da aka ce za a taka shi, kuma a nan ne aka yi masa alkawarin kusanci.

Yaro mai kaifin hankali zai iya tambaya, shin Allah nesa yake da har za a matsa kusa da shi? Alƙur'ani ya riga ya rufe wannan ƙofa. A tsakiyar ayoyin azumi na Suratul Baƙara ya shaida cewa yana kusa, yana amsa kiran mai kiransa. A Suratu Ƙaf ya ce ya fi kusa da mutum a kan jijiyar wuyansa. Abu Musa al-Ash'ari ya ba da labarin wata tafiya da sahabbai suka riƙa ɗaga murya da kabbara, sai Annabi ya ce su sassauta wa kansu, don wanda suke kira ba kurma ba ne, ba kuma wanda ba ya nan ba. Saboda haka malamai suka rarrabe kusanci iri biyu. Akwai na sani da iko, wanda ya game kowa, mumini da kafiri, har shi Abu Jahil a lokacin da yake rantsuwarsa. Akwai kuma na yarda da rahama da karɓar addu'a, wanda sai an nema. Wannan na biyun shi ayar take nufi, kuma in an samu nisa a cikinsa, daga wajenmu nisan yake.

Ni dai ban san wani abu a rayuwarmu da ya fi saurin fahimtar da mutum wannan magana kamar gaisuwar safe a gidan Bahaushe ba. Kafin in shiga ciki, dole in gindaya sharaɗi: Allah ba shi da tamka, ba a kwatanta shi da uba ko sarki ko wani abin halitta. Halinmu ne nake kwatantawa, yadda muke zuwa da yadda muke ƙin zuwa.

Ka duba babban gida a cikin birnin Zariya ko Katsina, irin wanda tsoho yake da rai kuma 'ya'ya da jikoki suke zagaye da shi. An dawo daga sallar Asuba, gari ya fara wayewa, yana zaune a kan buzunsa a turaka, carbi a hannu, buta a gefe, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Ɗansa, wanda shi ma magidanci ne mai furfura a gemu, wataƙila ma shugaba ne a wurin aikinsa, zai tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya yi sallama, ya jira a amsa. In ya shiga ba zai tsaya ƙiƙam a kan tsohon ba. Zai tsuguna daga ɗan nesa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Kun tashi lafiya? Ya yaran?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Matso nan."

Abin lura yana cikin wannan "matso nan". Ɗan kirki ba ya miƙewa tsaye ya tako. A tsugunen zai ja jiki, ko ya rarrafa da gwiwa, har ya zo gab da bakin buzun. Gwargwadon matsowarsa, gwargwadon ƙasƙantar da kansa da muryarsa. 'Ya mace ma haka, durƙushe za ta matso, tana gyara mayafi. Kuma a nan kusa ne ake yin maganar da ba a yi daga bakin ƙofa: zancen gonar gado, zancen auren ƙanwarsa, wani abu da ke damun tsohon wanda bai faɗa wa kowa ba. A nan ne zai ɗora masa hannu a kafaɗa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Wanda ya tsaya a tsaye daga waje ya ɗaga murya ya ce an gaishe ku, shi ma ya yi gaisuwa, amma ba zai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Haka aka haɗa mana sujada da kusanci a aya guda. A wurin mutane mun saba ganin cewa sai ka hau sama kake isa ga manya, sai da muƙami ko kuɗi ko hanya. A Suratu Saba'i an faɗa ƙarara cewa dukiya da 'ya'ya ba su ne ke kusantar da mutum ga Allah ba, sai imani da aikin ƙwarai. Fuska ita ce mafi daraja a jikin mutum, ita yake wankewa ya shafa wa mai, ita yake karewa in an kawo masa duka. Ita aka ce ya ɗora a inda ake taka ƙafa, tare da tafuka biyu da gwiwoyi biyu da yatsun ƙafa, gaɓoɓi bakwai kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas. Kuma Muslim ya ruwaito cewa babu lokacin da bawa ya fi kusa da Ubangijinsa kamar lokacin da yake cikin sujada, shi ya sa aka ce a yawaita addu'a a wurin. Wato nan ne bakin buzu, nan ake faɗin abin da ba a iya faɗa wa kowa. Iblis bai rasa ilmi ba, bai kuma musa samuwar Allah ba. Sunkuyawa ce ta gagare shi, ita ta kore shi daga kusa zuwa nesa.

Ba kuwa lanƙwasa gaɓoɓi kaɗai ake nufi ba. In ɗa ya karye a ƙafa ya kasa tsugunawa, babu uban da zai ce ya raina shi. Imrana ɗan Husaini ya yi fama da rashin lafiya, Annabi ya ce masa ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance ta gefe. Tsohuwar da ke salla a kan kujera saboda ciwon gwiwa ba ta rasa komai daga wannan kusanci ba. Wanda ya rasa shi ne mai lafiyar da goshinsa ke ƙasa amma zuciyarsa na tsaye, tana jin ta fi na kusa da shi a sahu.

Sai dai duk wanda ya san gida ya san gaisuwa kaɗai ba ta sa a zama na kusa. A ce damina ta zubar da katangar bayan gida, tsohon ya kira ɗansa ya ce a tayar da ita kafin awakin maƙwabta su saba shigowa. Ɗan ya ce to. Sati ya wuce, wata ya wuce, katanga na kwance. Sai ga shi ranar Juma'a da turmin shadda da kwalbar turare, ya tsuguna ya ajiye a gaban Baba. Tsohon zai karɓa, don ba ya son ya kunyata shi, amma idonsa na kan katanga. Abin da ya ce a yi shi ne gaba. Kyauta tana da daɗi ne in ta biyo bayan cika umarni.

Wannan shi ne tsarin da ya zo a hadisi ƙudusi na Buhari, wanda yaran Islamiyya ke haddacewa a matsayin na 38 cikin Arba'una ta Imam Nawawi. Ma'anarsa ita ce, babu abin da bawa zai nemi kusanci da shi wanda Allah ya fi so kamar abin da ya farlanta masa, daga nan sai ya ci gaba da matsowa da nafilfili har Allah ya so shi. In ya so shi kuwa, sai ya kiyaye masa jinsa da ganinsa da hannunsa da ƙafarsa, in ya roƙa a ba shi, in ya nemi tsari a tsare shi. Farilla ce farko. A nan ne nake ganin da yawa daga cikinmu mun juya lissafi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Za ka ga masallaci ya cika maƙil a tahajjudin goman ƙarshe na Ramadan, amma sahun Asuba a sauran watanni bai wuce ɗaya da rabi ba. Za ka ga mai hali yana zuwa Umra shekara bayan shekara, alhali bai taɓa zama ya lissafa zakkar dukiyarsa ba, ko kuma leburan da ya yi masa gini yana ta sintiri a ƙofar gidansa yana bin haƙƙinsa. Ban ce tahajjud da Umra ba su da lada ba, Allah ya kiyaye. Amma shadda ce da turare, katanga kuwa tana nan a kwance.

In an cika farilla, to nafila ita ce ke bambanta ɗa da ɗa. A kowane gida akwai wanda ba sai an aike shi ba. Shi ke lura butar tsohon ta tsage ya sauya ta, shi ke tuna ranar komawa asibiti, shi ke leƙowa bayan Isha'i ba don komai ba sai don ya ga ko an kwanta lafiya. Ba a yi taro an naɗa shi ba, amma kowa ya san in kana son magana ta isa kunnen Baba, ta wurinsa za ka bi. Yau da gobe ce ta kai shi nan. Sahabi Rabi'a ɗan Ka'ab al-Aslami irin wannan ne a wurin Annabi: yana kwana kusa da shi, yana kawo masa ruwan alwala da abin da yake buƙata. Wata rana Annabi ya ce ya roƙi abin da yake so. Talaka ne, da ya roƙi raƙumi ko gona babu mai ganin laifinsa, amma sai ya roƙi zama tare da shi a Aljanna. Annabi ya tambaye shi ko akwai wani abu ban da wannan, ya ce shi ke nan. Amsar da ya samu ita ce ya taimaka a kan wannan buri nasa da yawan sujada. Ko hidimar Annabi da hannunsa ba ta ɗauke masa wannan ba.

Akwai kuma ɗan da ba a ganinsa sai da dalili. In ka ga takalminsa a ƙofar turaka da sassafe, to kuɗin makarantar yara ya taso ko mai gidan haya ya matsa. Zai tsuguna fiye da kowa, ya daɗe yana gaisuwa, kowa kuwa ya san inda zancen zai ƙare. Suratu Yunus ta siffanta mu a wannan hali: in cuta ta taɓa mutum sai ya yi ta kira a kwance da zaune da tsaye, in an yaye masa sai ya wuce kamar bai taɓa kira ba. Shi ya sa cikin wasiyyar da Annabi ya yi wa Ibn Abbas yana yaro akwai cewa ya nemi sanin Allah a lokacin yalwa, don Allah ya san shi a lokacin tsanani. Amma kada wani ya fahimci cewa zuwa da buƙata laifi ne. Uba yana gajiya da roƙo, aljihunsa yana da iyaka, wani lokaci in ya hango ɗan nan sai ransa ya ɓaci. Allah kuwa so yake a roƙe shi, kuma taskarsa ba ta raguwa. Aibin shi ne a ce buƙata kaɗai ke kawo ka.

Haɗarin mai zuwa kullum kuma daban ne. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Gaisuwar da ake yi kowace safiya tana iya komawa al'ada tsura: a leƙo, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, waya a hannu, a ce "Baba ina kwana" a juya tun kafin ya gama amsawa. Raka'a 17 ke cikin sallolin farilla na yini, sujada 34 ke nan. Nawa ne daga ciki muke sanin abin da muka faɗa? Wani mutum ya shiga masallaci ya yi salla a gaban Annabi, ya zo ya yi sallama, aka ce ya koma ya sake don bai yi salla ba, har sau uku. Da ya nemi a koya masa, abin da aka nanata masa a ruku'u da ɗagowa da sujada da zama shi ne natsuwa. Littafin Ahalari da muka karanta a zaure ya lissafa natsuwa cikin farillan salla, ba cikin abubuwan ƙawa ba. Gwargwadonta kaɗan ne, gaɓoɓi su zauna daram kafin a motsa. Wanda ya ba kowace sujada wannan ɗan lokaci, ya ƙara da roƙo ɗaya da ya fito daga cikinsa, zai ji bambanci tun ba a je ko'ina ba.

Wanda na fi tausaya wa shi ne ɗan da ya yi laifi ya ƙaurace. Ya sayar da abin da ba nasa ba, ko ya faɗi maganar da ba ta dace ba, kunya ta hana shi zuwa gaisuwa. Kwana uku suka zama wata uku. Yanzu in ya hango tsohon a zaure sai ya sauya hanya, kuma kullum dawowar ƙara nauyi take. Mutane da yawa haka suke da salla. Za ka ji mutum ya ce da wane ido zan tsaya gaban Allah bayan abin da na aikata, bari sai na shiryu tukuna, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan karin magana ba ta aiki a nan. A gidan mutane, gaskiya ne, sai an nemi kawu ko aminin Baba ya shiga tsakani, a kai gwauro a kai mari, wataƙila ma tsohon ya kawar da kai ya ce a ba shi lokaci. A nan misalin nawa ya gaza, kuma gazawar tasa abin farin ciki ce. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisi ƙudusi mai ma'anar cewa wanda ya matso taƙi ɗaya, Allah zai kusanto shi kamu guda, wanda ya matso kamu, zai kusanto shi gaba guda, wanda ya taho da tafiya, zai tarye shi da gaggawa. Malamai sun bayyana cewa saurin karɓa da ninkin sakamako ake nufi. Babu mai gadi a ƙofa, babu lokacin da za a ce ya shiga ciki sai gobe. Taƙi kuwa tsakanin babban yatsa da ƙaramin yatsa ne in an ware hannu, bai kai tsawon takalmi ba. Alwala ɗaya da raka'a biyu sun isa su zama wannan taƙin, ko da hawayen nadama bai zo ba tukuna.

Saura abu ɗaya da duk uba ya sani. Babu yadda za a yi ka zama na kusa da shi kana gaba da ɗan'uwanka. Ka fi kowa tsugunawa, ka fi kowa kawo cefane, in ya san kai da ƙaninka ba kwa ga maciji saboda rabon gona, ko ƙanwarka na kwance asibiti ba ka leƙa ba, ranar da ka zo gaisuwa abin da zai fara tambaya shi ne, "Ka je ka duba ta?" A cikin Muslim akwai hadisi ƙudusi da ke nuna cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi mutum a kan bawansa da ya yi ciwo bai gaishe shi ba, da wanda ya nemi abinci ko ruwa bai ba shi ba, ya kuma sanar da shi cewa da ya je duba majinyacin nan, da ya samu Allah a wurinsa. Ashe wani kusancin yana gefen gadon asibiti, wani yana cikin kwanon tuwon da aka miƙa wa maƙwabci. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ke kai mutum masallaci ita ce dai za ta kai shi can.

A cikin Muslim ɗin dai ya zo cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda bai haɗa Allah da kowa ba, ban da mutum biyu da ke gaba da juna. Su sai a ce a jinkirta musu har su shirya. Nakan tuna wannan in na ga 'yan'uwa ciki ɗaya a sahu guda ranar Juma'a, kowa ya sa goshi a ƙasa, an sallame kowa ya nemi takalminsa ya bi wata ƙofa daban, shekara da shekaru a kan fili ko kan maganar da matansu suka yi. Kowannensu yana jira ɗayan ya fara zuwa, babba yana cewa shi ne babba, ƙarami yana cewa shi aka zalunta. Annabi ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama.